Maɓallan gidan kyamarar nutso sun cije? Tambayoyi da amsoshi daga Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda yaranmu suka fara samun aiki a jiragen da ke kai masu nutso daga Ubhur da ke arewacin Jidda, wasu kuma suka haɗa nasu kayan suna ɗaukar ma baƙi hoto a ƙarƙashin ruwa, kusan magana ɗaya ce ke dawowa a waya: botin baya dannuwa, ko ya dannu ya ƙi tasowa, ko abin murɗawa ya yi tauri sai an sa ƙarfi. Shine na tara tambayoyin da aka fi yi min yadda aka turo su, dan in huta da maimaita bayani ɗaya a saƙon murya. Gidan da nake nufi shine akwatin nan na roba mai ƙarfi ko na alminiyam da ake rufe kyamara a ciki kafin a shiga bahar da ita.

Malam, me ke sa su cije tun farko? Ranar asabar lafiya lau na yi aiki da shi, yau laraba ya ƙi motsi.

Gishiri ne ƙanina, a mafi yawan lokaci gishiri ne kawai. Ka ɗauki gidan ka duba botin ɗaya da kyau a haske, zaka ga kan da kake dannawa, ƙarƙashinsa akwai sifirin, sai wata 'yar sandar ƙarfe siririya da ta ratsa bangon gidan ta shiga ciki, a cikin ramin da take bi akwai zoben roba ɗaya ko biyu da ke rungume da ita dan kar ruwa ya wuce, can ciki kuma wani ɗan kilif ne ya riƙe ta kar ta zare. Toh duk lokacin da ka nutsa, ruwan bahar na cika wannan ɗan lungun da sifirin yake zaune. Ka fito, ka ajiye, ruwan ya bushe, gishirin ya zauna. Kuma Bahar Maliya ba kamar sauran tekuna ba ce, kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri kusan giram 40, alhali matsakaicin na manyan tekuna wajen giram 35 ne, saboda zafi na kwashe ruwan sama, babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta shekara duka, ga mashigar Babul Mandab ƙarama. Ka haɗa da ranar Jidda da ke busar da abu kafin ka gama cire kayan jikinka. Ƙwayoyin gishirin in sun bushe suna da kaifi, su ne ke riƙe sandar, su ne kuma ke yanka robar in ka matsa mata. Sai yashi in daga bakin gaɓa kake shiga, sai kuma giris ɗin kamfani da ya wanke ya ƙare da tafiyar lokaci.

To me zan fara yi kafin in taɓa wani abu?

Jiƙawa. Cire kyamarar, ka rufe gidan ruf kamar zaka shiga ruwa, da murfin gaba da komai, ka tabbata babban zoben ƙofa na wurinsa. Samu baho mai tsafta ka cika da ruwan daɗi mai ɗumi-ɗumi, wanda zaka iya barin hannunka a ciki ba ka ji komai ba. Gidan zai so ya taso tunda iska ce a ciki, sai ka ɗora masa dalmar nutso a naɗe cikin tawul ko ka juya shi ta yadda maɓallan suke ƙasa. Ka bar shi. In da la'asar ka saka, kar ka taɓa sai ka dawo daga magariba. Sannan ka sa hannu cikin ruwan, yana nutse ɗin nan, ka riƙa danna kowane botin a hankali, sau goma sau ashirin, ka murɗa kowane abin murɗawa hagu da dama. Wanda ya ƙi, ka ƙyale shi ka wuce na gaba, kar ka ce sai ka ga bayansa. Zubar da ruwan ka sake sabo, ka bar shi ya kwana.

Abin kamar ƙanzo ne a gindin tukunya, wanda ya jiƙa ya tafi ya dawo shi ke samun tukunyarsa lafiya, mai kankara da cokali shi ke ɓata ta.

Wanda ya daɗe a ajiye, misali tun kafin azumi ba a taɓa shi ba, yana iya cin kwana biyu ko uku ana canza masa ruwa. Ba komai, ruwan daɗi baya masa illa. In akwai sirinji babba wadda ba allura, zuƙo ruwan ɗumin ka fesa ta ƙarƙashin kan botin, zaka ga wani lokaci 'yan tsakuwoyin yashi suna fitowa su kwanta a gindin bahon, in ka shafa da yatsa ka ji su garas-garas. Wallahi mafi yawan gidajen da ake kawo min ana cewa sun lalace a nan maganarsu ke ƙarewa.

Ruwan famfonmu da rana tafasasshe yake fitowa, ai ya fi saurin narka gishirin ko?

A'a. Na san tankin saman gida a watan bakwai da na takwas, ruwan ko alwala baka iya yi da shi da azahar. Zafi irin wannan yana sa iskar cikin gidan ta kumbura, yana narkar da ɗan giris ɗin da ya rage, kuma ba alheri bane ga gam ɗin da ke riƙe gilashi ko robar tagar baya. Tara shi a baho ka bar shi ya huce, ko ka ɗiba da asuba.

Yaya, ina da WD-40 a mota. In ɗan fesa kaɗan?

Kar ka soma. Shi da basilin da man keken ɗinki da man inji duk hanyarsu ɗaya, daga man fetur aka yi su. Wasu nau'in zoben roba suna shan su su kumbura, botin da ya ɗan yi tauri sai ya cije gaba ɗaya bayan kwana biyu, kai kuma a ranar farko kana murna ya yi laushi. Mafi muni shine in gidan naka na roba ne mai haske irin folikabonet, abubuwan feshi na gwangwani da su tina da fetur suna sa shi ya yi tsatstsaga sirara kewaye da ramin botin, kuma wannan ba gyara, sai dai sabon gida. Har silikon na feshi ban yarda da shi ba, ba dan silikon ɗin ba, dan sinadarin da ke turo shi daga gwangwanin. Sanitaiza da turare ma a nisanta su da tagar roba.

Wata Hajiya ta tambaye ni man zaitun, tunda shi ba na fetur bane. Shima a'a Hajiya, yana daskarewa ya yi danƙo ya kama ƙura. A bar shi a kicin.

Toh wane giris ne daidai?

Wanda kamfanin gidanka ya sako a kwali, 'yar ƙaramar robar nan da mutane ke jefarwa da takardu. Dalili kuwa zoben roba ba iri ɗaya bane. Akwai baƙi na naitiril wanda giris ɗin silikon ke masa daidai, akwai kuma wanda shi kansa da silikon aka yi shi, yawanci masu launi ne, irin wannan in ka shafa masa giris ɗin silikon na gama-gari sai ya sha ya kumbura ya saki. Shi yasa Ikelite na Amurka ke da nasu, Nauticam na Hon Kon ke da nasu, Sea & Sea na Japan ke da nasu, ba wai son kuɗi kaɗai bane. Amma kar ka dogara da launi kawai ka yanke hukunci, duba littafin gidan.

In naka ya ɓace kuma baka san irin robar ba, akwai giris biyu da ke tafiya da kowace iri, Christo-Lube MCG 111 da Tribolube 71. Suna da tsada amma ɗan kaɗan ake sawa. Masu sabis ɗin regileta, wato na'urar shaƙar iska daga silinda, a shagunan kayan nutso suna amfani da irinsu a kayan naitiroks, iskar nutso mai ƙarin oksijin, in kuna mutunci da ɗaya daga cikinsu ya lakato maka kamar ƙwayar wake a 'yar roba, ya ishe ka dogon lokaci.

Kuma a sani, giris baya tare ruwa. Robar ce ke tare ruwa, shi aikinsa ya sa ta yi santsi ta motsa ba tare da ta murɗe ko ta yage ba. Wanda ya cika shi da yawa ya gayyato yashi da gashi ne kawai.

Ya sha ruwa ya saki amma har yanzu yana da ɗan nauyi. Dole sai na kwance?

Ba dole. Bari ya bushe a inuwa tukuna, ka goge jikin da tawul mara gashi, ka hura ramukan da 'yar robar hura gilashin kyamara. Kar ka yi amfani da iskar silinda ko kwamfuresa, ƙarfinta na tura ruwa da yashi su wuce robar su shige inda baka so. Sai ka buɗe ƙofar, ka danna botin daga waje har ƙarshe ka riƙe, zaka ga sandar ta leƙo ta ciki ta ƙara tsawo. Ɗauki tsinken sakace ka lakato giris ɗan mitsitsi, iya abin da zai sa ƙarfen ya yi sheƙi, ka zagaye sandar daidai inda ta fito daga bango. Saki, danna, saki, danna, kamar sau talatin, yana jan giris ɗin yana kaiwa ga robar. Abin da ya taru a baki ka goge. In kana iya ganin sandar ta waje tsakanin zagayen sifirin, nan ma ka ɗan taɓa mata, amma ƙasa da na ciki dan nan ne yashi ke zama.

Abin murɗawa ma haka, a wasu gidajen sandar tana ɗan jawuwa waje, sai ka jawo a hankali ka shafa a inda ya bayyana ka mayar kana juyawa.

A kan jirgi lafiya yake dannuwa, amma da na kai mita 25 zuwa 30 sai ya shige ya ƙi dawowa, kyamarar ta daskare min.

Wannan na ji shi sosai daga masu zuwa nutso Abu Faramish da Yanbu. Ruwa ne ke danna maka shi. Kowace mita 10 da ka sauka nauyin ruwa na ƙaruwa da bar ɗaya (bar shine ma'aunin matsi), wato a mita 30 akwai bambancin bar 3 tsakanin waje da cikin gidan. Ɗauki sanda mai kaurin milimita 3, a wannan zurfin ruwa na tura ta ciki da nauyin da ya ɗan haura giram 200, kuma wannan ɗan sifirin shi kaɗai ne zai mayar da ita, ga kuma robar da ita ma ta ƙara matsewa. In komai na da santsi sifirin zai iya. In akwai gishiri ko robar ta bushe ko sifirin ya gaji ko ya yi tsatsa, sai ruwa ya rinjaye shi. Kyamarori da yawa kuma in botin ɗaya na danne basa amsa sauran, shi yasa kake ganin kamar ta mutu.

A cikin ruwan, sa farce ka ɗago kan botin a hankali, ko in lokacin tashi ya yi ka ga ya saki da kansa a mita 15 ko 10. Kar dai ka tashi da gudu saboda botin, jikinka ya fi kyamara. A gida kuma jiƙawa da giris, in bai bari ba sifirin ne, a canza shi. Kar ka ja tsohon ka miƙar da shi wai ya ƙara ƙarfi, sati ɗaya zai koma yadda yake. Sannan ka duba iyakar zurfin da aka rubuta wa gidan, PT-059 na Olympus TG-6 mita 45 ne, na Ikelite mita 60, Nauticam yawanci mita 100.

Nawa in babu kyamara a ciki komai na juyawa, da na saka ta sai zum, abin jawo hoto kusa, ya yi tauri.

Toh kai naka ba gishiri bane, zama ne bai yi daidai ba. Duba notin da ke ɗaure kyamarar a kan farantinta, in ya ɗan saki ko ta karkace ko da milimita ɗaya, haƙoran giyar zum basa haɗuwa da na gidan. Duba ita giyar da ke jikin lens ɗin ko ta zame gaba ko baya. Wasu lifofin kuma sai an ɗaga su ko an jawo su waje kafin a tura kyamarar, in ka manta ka rufe a kansu sai su lanƙwashe. Igiyar rataya da murfin ido na roba da gilashin kariyar allo duk ka cire su, kaurinsu kaɗai ya isa ya hana ta zama. In ƙofa ta ƙi rufuwa da sauƙi kar ka danne ta da gwiwa, akwai abin da ya tokare.

Ina ganin wani farin gari kewaye da notina da gindin maɓallan. Gishiri ne?

Jiƙa shi ka gani. In ya narke gishiri ne. In ya ƙi, kuma gidan na alminiyam ne, toh ƙarfen ne ke cin kansa. Alminiyam da ƙarfen da baya tsatsa in sun haɗu cikin ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne ke lalacewa, musamman inda fentin jikinsa ya kwarzane. Shi yasa a ƙasan irin waɗannan gidajen ake ɗaura wani ɗan guntun zinki wanda aikinsa ya ruɓe a madadin gidan. In ka ga ya zaizaye ya yi ramuka, aikinsa yake yi, in ya kusa ƙarewa ka sa sabo, kuma kar a shafa masa fenti ko giris. Garin saman jiki burushin haƙori mai laushi ya isa. Amma in ya ci har cikin ramin da robar ke zama, wannan ya wuce gyaran gida.

Ruwan khal fa, wato binega? An ce yana cin gishiri.

Gishirin bahar ruwa kaɗai ke narka shi, baya buƙatar khal. Inda khal ke amfani shine farin dattin nan mai tauri irin na cikin butar shayi. In zaka yi, farin khal kaɗan cikin ruwa mai yawa, 'yan mintuna, a kan sanda da sifirin da ka riga ka cire, ka ɗauraye sosai. Ban ba da shawarar a tsoma gidan alminiyam gaba ɗaya a ciki ba.

Na yi duk wannan, guda ɗaya ya ƙi. Baba, koya min yadda ake kwancewa.

Zan faɗa maka, amma ka fara tambayar kanka abu biyu. Gidan na da garanti? In yana da shi, kwancewar ka na iya kashe shi. Kuma kana da sabon zobe da sabon kilif na wannan gidan a hannu? In babu, kar ka fara, garin neman gira a rasa ido.

In kana da su, samu teburi mai haske ka shimfiɗa farin tawul, kashe fanka, rufe taga saboda ƙura. Ɗauki hoton cikin gidan da waya ta kowane ɓangare kafin ka taɓa komai. Botin ɗaya tak zaka yi a lokaci ɗaya, ka gama ka mayar kafin ka je na gaba, dan sandunan ba tsawonsu ɗaya ba, sifirin ma haka, a ido kuma duk iri ɗaya suke. Cire 'yar hular roba da ke bakin sandar ta ciki in akwai. Danna botin daga waje dan kilif ɗin ya rabu da bango, sai ka ture shi gefe da ƙaramin sukundireba irin na masu gyaran agogo. Wannan kilif ɗin tsalle yake yi, in ya tashi kuma ka neme shi a kafet sai Allah, dan haka ka rufa yatsa a kai ko ka yi aikin hannunka na cikin babbar leda mai haske. Ka lura kuma kar bakin sukundireban ya zame ya karci bango. Sannan ka zaro sandar ta waje a hankali, sifirin zai biyo ta, wani lokaci da 'yar wosha, ka jera su a tawul yadda suka fito, na farko a hagu.

Zoben yana can cikin ramin. Da tsinken itace ko na roba ake ciro shi, ba da allura ko fil ba, layi ɗaya da allura zata ja a cikin ramin nan ya isa ya zama hanyar ruwa har abada. Goge ramin da ɗan soso mai sanda irin na kwalliya, ba auduga ta kunne ba, dan ita tana barin zare, zare ɗaya ko gashin gira ɗaya a kan roba kuwa ruwa ya samu ƙofa. Yanzu ɗauki sandar ka wanke, ka bi ta da farce daga sama zuwa ƙasa. In farcen ya sarƙe a wani wuri, ko ka ga ɗigo-ɗigon rami, ko ka mirgina ta a kan gilashi ka ga tana rawa, ta gama aiki, zata cinye sabuwar robar ma. Kar ka goge ta da samfefa. In sumul take, shafa wa sabon zoben giris tsakanin yatsu biyu har ya yi sheƙi kawai, zaunar da shi ka tabbata bai murɗe ba, mayar da wosha da sifirin, tura sandar kana ɗan juya ta, sa sabon kilif har ka ji ya ce ƙas a cikin tsagarsa. Ja kan botin ta waje ka gani ko zai zare. Tsohon kilif ya riga ya buɗe baki, jefar da shi.

Abubuwan murɗawa da lifar ɗaukar hoto sun fi wannan wuya, akwai ƙananan noti na alanki da sifirin mai naɗi wanda in ya warware mayar da shi aiki ne. Su kam na fi son a kai wa mai sabis.

Akwai zoben roba iri-iri a shagon kayan mukayyif, wato AC, da na famfo, riyal kaɗan ne. Ba zai yi ba?

A ido zai yi. Amma kauri da faɗi da taurin robar da irin sinadarinta duk sai sun dace, in ya fi kauri da ɗan kaɗan botin zai fi da tauri, in ya fi siranta zai yi laushi ka ji daɗi har ka kai mita 20. Ka lissafa kuɗin kyamara da lens ka kwatanta. Yi odar kit ɗin gidanka ta wakilin kamfanin ka jira, ko sati uku ne.

Masu gyaran waya na Shari' Falasɗin fa, ko masu agogo na Balad a nan Jidda?

Hannunsu na da kyau kuma suna da ƙananan kayan aiki, amma basu da wurin gwada matsin ruwa na abu mai girman nan, kuma mai waya abin da ya saba wanke komai da shi shine sinadarin da na ce a nisanta. In kilif ne kawai ya gagare ka, je ka zauna a gabansa da kayanka ka nuna masa.

Nawa na GoPro ne.

Jiƙa shi, danna, ɗan giris. In ya ƙi sayi wani, kuɗinsa bai kai wahalar ba. Ita kyamarar kanta yawanci mita 10 take iya zuwa tsirara, gidan ne ke kai ta mita 60, dan haka kar ka ce bari in shiga da ita haka nan yau kawai.

A jirgi fa, ya zan yi tsakanin nutso da nutso?

Kar ka bari ya bushe, shikenan sirrin. Gishiri muddin yana jiƙe baya cutarwa. Da ka miƙo shi sama, in akwai bokitin ruwan daɗi tsoma shi ka danna maɓallan na minti ɗaya ka fitar. Kar ka bar shi a ciki yana yawo, jirgi na tangaɗi, wani ya jefo tocilansa ko nasa gidan a kai, kuma a ruwa mara zurfi babu nauyin da ke matse babban zoben ƙofa, gidaje da yawa a bokitin wanki suka sha ruwa ba a ƙasan bahar ba. Bokitin da ake wanke tabarau da sabulu ma ba nasa bane. Naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul ka sa a kula ko a inuwa ƙarƙashin benci. In ruwan daɗi ya ƙare, tawul ɗin da aka jiƙa da ruwan bahar ya fi a bar shi a rana. Kuma daga marina kai tsaye gida, ba a bar shi a but ɗin mota a tsaya cin mandi ba.

Ɗan'uwa, mu a Bur Sudan ruwan daɗin ne matsala, saye muke yi.

Allah ya kawo muku sauƙi, na san tun da madatsar Arba'at ta fashe a watan Agustan 2024 abin ya ƙara tsanani. Ba sai baho cike ba. Nemi roba ko leda mai kauri wadda gidan zai shiga cif, lita uku ko huɗu sun rufe shi. Ruwan farko ka danna maɓallan a ciki ka zubar, na biyu ka bar shi ya jima, kuma wannan na biyun ka adana shi ya zama na farkon gobe. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon gishiri a yi wankin farko da shi amma ba na ƙarshe ba. Inda ake samun wuta, ruwan da ke ɗiga daga mukayyif babu gishiri a cikinsa, tace shi da ƙyalle mai tsafta saboda ƙura, ya yi sosai. Mu ma nan Jidda masu jiran wayit, wato tankar ruwa, haka muke yi.

Na gama gyara. In saka kyamara in tafi?

A'a, ko giris kawai ka sa balle ka kwance. In gidanka na da famfon zuƙe iska, zuƙe har fitila ta yi kore, ka danna kowane botin ka murɗa komai, ka bar shi awa ɗaya ko fiye ka ga ko zata canza. Bayan nan nutso na farko babu kyamara. Cusa farin tishu a ciki ta bayan maɓallan, sa dalma a naɗe cikin safa dan kar ya ja ka sama kuma kar ta fasa gilashi, ka sauka da shi zurfin da ka saba aiki, a can ka danna wanda ka gyara sau da yawa. Ka fito, ɗauraye, goge jikin ya bushe sarai kafin ka buɗe, ƙofar na kallon ƙasa dan kar ɗigon waje ya faɗa ciki ya ruɗe ka. Tishu a bushe, bismillah. In ka ga ɗan laima, ɗanɗana, in gishiri ne yoyo ne, in salam ne gumin sanyin mukayyif ne da zafin waje.

Zan tafi hutu gida Kano wata biyu. In bar shi a rufe?

Jiƙa shi sosai, ya bushe a inuwa, cire babban zoben ƙofa ka shafa masa giris ka sa a 'yar leda ba tare da ka lanƙwasa shi ba, ka ajiye gidan a ɗaki cikin kabad, ba a sito na saman bene ba inda zafi ke gasa roba. In da shi zaka hau jirgin sama, nan ma a cire zoben, in ba haka ba iska zata fita a sama ta ƙi komawa, ka sauka ka tarar ƙofa ta manne. Hawan Ɗa'if ma yana iya yin hakan tunda garin ya kai wajen mita 1,800, kai kanka ma ba a hawa can ranar da aka yi nutso.

Sau nawa ake kai shi babban sabis?

Kamfanoni da yawa suna cewa duk shekara ɗaya zuwa biyu a canza duka zobban maɓallan. Mai nutso juma'a da asabar kawai yana wankewa da kyau zai iya kai biyun. Ku da kuke jirgi kusan kullum da baƙi, shekara ɗaya, kuma ku aika shi lokacin da aiki ya yi sanyi dan yakan daɗe kafin ya dawo.